SANYIN JOS DA ZAFIN KURMI: ABIN DA SUKE YI WA JIKIN MUTUM

Jawabin da aka yi wa taron 'yan Arewa mazauna Ikko gabannin shigowar hunturu.



An nemi in yi magana a kan sanyi da zafi, da irin abin da kowannensu yake yi wa jikin ɗan Adam. Na zaɓi in ɗora maganar a kan garin Jos, domin kuwa da wuya a sami wata unguwa ta 'yan Arewa a nan Kurmi, ko Agege ce, ko Idi Araba, ko Sabo ta Badun, ko ta Shagamu, wadda ba ta da mutumin da abincinsa yake rataye da hanyar Jos. Tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa da ake saukewa a kasuwar Mil 12, da yawansu a Farin Gada ko Bokkos ko Mangu aka lodo su. Direban da ya kawo su, da yaron motarsa, da mai kayan da ya kwana bisa buhuna, sun taso daga ɗaya daga cikin garuruwa mafiya sanyi a Nijeriya, sun sauka a ɗaya daga cikin mafiya gumi, a cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka kuma a ƙarshen shekara iyalai da yawa sukan ɗauki 'ya'yan da aka haifa a Ikko su tafi da su ganin gida a Filato, daidai lokacin da sanyi ya kai maƙura.

Abin da nake so mu tafi da shi gida shi ne, lambar zafin gari da ake faɗa a rediyo ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Sanyin digiri 10 yana iya kashe mutumin da tufafinsa suka jiƙe, zafin digiri 33 kuma yana iya kayar da ƙato in iska ta cika da laima. Ruwa da iska da yunwa da baƙunta, su ne suke yanke wa jiki hukunci.

MA'AUNI

Da farko bari mu san abin da za mu yi awo da shi, watau ma'aunin Salshiyas, wanda asibitocinmu da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya suke aiki da shi. A bisa wannan ma'auni ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara a digiri 0, yana kuma tafasa a digiri 100 a bakin teku kamar nan Ikko. A Jos kuwa, saboda tudu, tun a wajen digiri 96 yake tafasa.

Zafin cikin jikin mutum lafiyayye digiri 37 ne, ko ɗan ƙasa ko ɗan sama. Wannan zafi daga abincin da muka ci yake fitowa, hanta da tsokoki da ƙwaƙwalwa suna ƙona shi dare da rana kamar yadda murhu yake cin itace. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da aikinsa shi ne gadin wannan zafi, in ya yi ƙasa ya sa a hura, in ya yi sama ya sa a zubar. Filin da yake gadi kuwa ƙanƙane ne ƙwarai. A doron ƙasa an taɓa auna sanyin digiri 89.2 ƙasa da sifili a tashar Rashawa ta Vostok da ke ƙarshen duniya ta kudu, a 1983, an kuma auna zafin digiri 56.7 a wani kwari na Kalifoniya a Amurka, a 1913. Amma a cikin jiki, in zafi ya sauka da digiri 2 kacal ya koma 35, likita zai ce an shiga haɗari, in kuwa ya hau da digiri 3 ya kai 40, to, rai na hannun Allah. Duk rayuwarmu a cikin digiri biyar ɗin nan take gudana.

ME YA SA JOS TAKE DA SANYI?

Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, watau ƙafa 4,000 daga bakin teku, duwatsun Shere da ke gabas da ita kuwa sun haura mita 1,700. Ƙa'ida ce cewa duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, saboda haka tudun kaɗai ya rage wa Jos wajen digiri 8.

Sanyin Jos iri biyu ne. Akwai na hunturu, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da busasshiyar iska take kaɗowa daga Sahara, babu girgije a sama, zafin da ƙasa ta sha da rana ya gudu da dare. Da asuba ma'auni yakan sauka zuwa digiri 10, wani lokaci har 7 ko 8, ko da yake da tsakar rana yakan koma sama da 25. Sa'an nan akwai sanyin damina, musamman a Yuli da Agusta, lokacin da hadari yake rufe rana kwana da kwanaki ana yayyafi. Ruwan da Jos take samu a shekara ya kusa milimita 1,400, wani lokaci kuma har da ƙanƙara. Wannan na biyu ya fi yaudara, domin ma'auni ba ya sauka kamar na hunturu, amma ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska har kimanin sau 25. Mutumin da ke sanye da busasshiyar riga a digiri 8 ya fi wanda rigarsa ta jiƙe a digiri 15 zama lafiya.

MATAKAN SANYI A JIKI

Da sanyi ya taɓa fata, abin farko da jiki yake yi shi ne ya tsuke hanyoyin jini na hannuwa da ƙafafu, ya tattara jinin a ciki don ya kare zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yatsu suke ƙandarewa. In fatarsu ta yi sanyi ta kai wajen digiri 15, ko ɓalle maɓallin riga yana wuya, balle riƙe sitiyari ko birkin babur. Tsukewar nan kuma tana ɗaga hawan jini, don haka masu hawan jini da masu ciwon zuciya suka fi shiga haɗari da asubar hunturu. Masu fuka da masu amosanin jini, watau sikila, su ma sanyi yana ta da musu ciwo.

In zafin ciki ya soma sauka, sai rawar ɗari ta zo. Rawar nan aikin tsokoki ce don su samar da ɗumi, tana iya ninka zafin da jiki yake samarwa har sau huɗu ko biyar, amma fa abinci take ci. Wanda ya kwana da yunwa ba zai daɗe yana yin ta ba.

Daga digiri 35 zuwa 32, mutum yana makyarkyata sosai, harshensa yana nauyi, yana tuntuɓe, yana manta abin da ya faɗa yanzu. Wanda bai sani ba sai ya ce maye ne. Ƙasa da digiri 32 rawar ɗarin takan tsaya, barci ya rinjaye shi, wasu ma har sukan tuɓe tufafinsu suna cewa zafi suke ji. Jama'a, mu lura da wannan. In mutum yana cikin sanyi, rawar ɗari ta ɗauke ba tare da an ɗumama shi ba, alama ce ta cewa ƙarfinsa ya ƙare. Ƙasa da digiri 28 kuwa sai suma, numfashi ya yi ƙasa ƙwarai, bugun zuciya ya rikice, har mai taɓawa ya kasa jin sa.

A nan akwai abin da ya shafe mu, mu da muke gaggauta sutura. A 1999 wata likita 'yar ƙasar Suwidin, Anna Bagenholm, ta faɗa ƙarƙashin ƙanƙara a arewacin Norwe, ta yi minti 80 a cikin ruwa. Zafin jikinta ya sauka har digiri 13.7, zuciyarta ta tsaya, amma likitocin asibitin Tromso suka ɗumama jininta da na'ura, ta farfaɗo, daga baya har ta koma bakin aikinta. Sanyi yana rage wa ƙwaƙwalwa bukatar iska, don haka wanda aka tsinta a sandare bayan dare mai sanyi, a garzaya da shi asibiti, a bar likita ya faɗi ko ya cika.

Daskarewar yatsu da kunnuwa har su ruɓe, wannan sai iska ta sauka ƙasa da sifili, saboda haka ba cutar Jos ba ce. Amma 'ya'yanmu masu tafiya karatu Rasha ko Kanada su sani, a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

DARASIN DIBAN GWAMNA

Turawan mulkin mallaka sun ɗauki Jos wurin hutu da shan iska, domin su suna da rigunan ulu da murhun ɗaki da cikakken ciki. Kakanninmu da suka je haƙar kuza kuwa wata Jos ɗin suka gani. A farkon 1942, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Jafan ta ƙwace Malaya, inda Ingila take samun mafi yawan kuzarta. Nan take gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas, aka yanka wa larduna yawan mutanen da za su kawo ta hannun En'e, abin da talakawa suka sa wa suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutane wajen 100,000 zuwa filayen kuza na Filato. Masanin tarihi Bill Freund ya bi takardun wannan zamani a littafin da ya fitar a 1981 a kan leburorin kuza.

Manoma ne daga ƙasashe masu zafi, yawancinsu ba su taɓa hawa Filato ba. Sun zo da 'yan tufafin da suka saba da su, aikinsu kuwa haƙa ne da ɗaukar ƙasa a kai a cikin laka da ruwa, makwancinsu bukkoki ne da aka kafa da gaggawa, abinci kuma ba ya isa. Da yawa suka gudu, ɗaruruwa kuma suka mutu da cututtukan da sanyi da yunwa da cunkoso suke buɗe wa ƙofa. Sanyin da ke wurin, shi ne dai wanda Bature yake yabo a gidan hutunsa. Abin da ya bambanta su shi ne jiƙaƙƙiyar riga, da cikin da babu komai, da rashin sabo.

An daina diban gwamna, amma waɗannan abubuwa uku suna nan. Yaron motar da ya kwana bisa kaya, in iskar gari tana digiri 10 motar kuma tana gudun kilomita 60 a awa, sanyin da fatarsa take sha daidai yake da na digiri 5, in kuma ruwa ya doke shi abin ya fi haka. Haka ɗan acaɓa da asuba, da mai gadi, da almajirin da ya kwana a zaure ba mayafi, da tsohon da ke kwana shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗakin kwana ya yi ƙasa da digiri 18, ɗakin kwano marar silin kuwa da asuba kusan ɗaya yake da waje.

Wanda ya fi kowa rauni shi ne jariri sabon haihuwa. Ya fito a jiƙe daga wuri mai digiri 37, kansa babba ne, ba ya kuma iya rawar ɗari. Zafinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Shawarar likitoci ita ce a goge shi nan da nan, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su tare, a kuma jinkirta wankan farko har awa 24. Wannan goyon ƙirji a 1978 aka fara shi a asibiti, a Bogota ta ƙasar Kolombiya, birnin da ya ninka Jos tudu, don ceton bakwaini a inda kwalaben ɗumama jarirai ba su isa ba.

MAGANIN DA YA FI CUTA

Wanda sanyi ya kama, a shigar da shi ɗaki, a cire masa jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi har kai, a fara ɗumama ƙirji da ciki. In yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi ko kunu mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannuwa da ƙafafu, kada a kara shi a wuta, kada a jijjiga shi wajen ɗauka, domin zuciyar da ta yi sanyi abu kaɗan yake rikita ta.

Sau da yawa tsoron sanyi ya fi sanyin kansa ɓarna. Na farko shi ne kurfotin gawayi a ɗaki rufaffe. Gawayi yana fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, wadda take kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai ne da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, sai dai a fasa ƙofa da safe. Ita ce dai gubar da hayaƙin janareta yake kashe iyalai da ita a nan Kurmi. A ɗumama ɗaki, a fitar da wutar kafin a kwanta, kowa ya kwana lafiya shi ya so.

Na biyu giya ce. Tana buɗe hanyoyin jinin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa ne yake tsiyayewa waje.

Na uku ruwan zafi fiye da kima. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin sakan kaɗan, ta yaro ma ta fi saurin ƙonewa. Iyayenmu mata su gafarce ni in taɓo wankan jego. A 1978 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun bayyana bincikensu a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilai, kamar ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini na masu ciki. Duk da haka, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya, asibiti take bukata, ƙara mata wuta ƙarin nauyi ne ga zuciyar da ta gaji. Haka kuma yaro mai zazzaɓi, kada a naɗe shi cikin barguna, in kuma ya shiɗe kada a kara ƙafarsa a wuta.

ZAFIN KURMI

To, yanzu motarmu ta gangaro daga Filato ta iso Ikko. A watannin Fabrairu da Maris zafin Ikko da rana yakan kai digiri 33 ko 34. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri, wanda ya saba da digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu, zai ce wannan ai wasa ne, amma kowa a nan ya san gumin Ikko ya fi gajiyarwa. Ga dalili.

Zafin fatar mutum wajen digiri 35 ne. In iska ta kusa haka ko ta wuce, hanya ɗaya ce ta rage wa jiki ta zubar da zafi, watau gumi. Gumin kuwa ba fitowarsa ce take sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. Ku dubi randa. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi, shi ne yake sanyaya na ciki, shi ya sa ruwan randa a Katsina da bazara yake da sanyi har haƙori, a Ikko kuwa sai ka ji shi salaf. Iskar bakin teku ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar wani ruwa. Gumin da yake ɗiga ƙasa yana jiƙa riga, asarar ruwa da gishiri ce kawai.

A 1775 wani likita a London, Charles Blagden, ya shiga ɗakin da aka hura har zafinsa ya wuce digiri 120, ya yi 'yan mintoci ya fito lafiya, alhali naman da aka ajiye a ɗakin ya gasu. Abin da ya cece shi shi ne iskar ɗakin busasshiya ce, guminsa yana bushewa nan take. A cikin iskar da ta cika da laima kuwa, masana sun lissafa cewa digiri 35 ya isa ya halaka lafiyayyen mutum cikin 'yan awoyi ko da yana zaune a inuwa, gwaje-gwajen baya-bayan nan ma sun nuna haɗarin yana farawa tun kafin nan.

Matakan zafi kuwa ga su. Da fari jini yana kwararowa fata, zuciya tana ƙara sauri, ƙurajen zafi su fito, ƙafafu su ɗan kumbura. Mai aikin ƙarfi yana iya zubar da gumi lita guda ko fiye a awa ɗaya, in bai mayar ba sai tsokar ƙafa ko ta ciki ta riƙa ɗaurewa. Daga digiri 38 zuwa 40 sai galabaita, da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, fitsari ya ragu ya yi ja. Wanda ya huta a inuwa ya sha ruwa a wannan mataki yakan warware. Amma in zafin ciki ya wuce digiri 40, ƙwaƙwalwa takan taɓu, mutum ya riƙa sambatu ko faɗa ba dalili, ko ya yi jijjiga, ko ya faɗi sumamme. Fatarsa tana iya bushewa, tana kuma iya kasancewa da gumi. Sau da yawa akan ce iska ce ta buge shi, ko zazzaɓin cizon sauro ne, a ɓata lokaci. Daga digiri 42 naman jiki yana soma lalacewa kamar yadda farin ƙwai yake sauyawa a kasko, hanta da ƙoda su gaza.

Maganinsa sanyayawa ce tun kafin a nemi mota. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita, in da ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi, a ci gaba da haka har a isa asibiti. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki. Ƙwayar zazzaɓi ba ta sauke irin wannan zafi. Ga wanda yake cikin hayyacinsa, a dama ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri a cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A Fabrairun 2024 zafi mai laima ya rufe kudancin Nijeriya da maƙwabtanta na bakin teku, masana suka lissafa cewa abin da jiki yake ji ya kai kamar digiri 50. Ranar 3 ga Afrilun shekarar aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Toure na Bamako kuma ya ƙirga mamata 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 ya ƙirga. Ana cikin azumi ne a lokacin, ga kuma ɗaukewar lantarki. A watan Yuni zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce alhazai 1,301 sun rasu, yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa ba inuwa. Shekarar 2024 ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye awo a duniya.

BAƘO MAKAHON GARI

Jiki yana koyon zafi, amma yana bukatar kwana 7 zuwa 14. A cikin waɗannan kwanaki jini yana ƙaruwa, gumi yana saurin fitowa, gishirin da ke cikinsa yana raguwa. In mutum ya bar wurin zafi na wasu makonni, sabon yakan tafi. A Amurka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta lura cewa mafi yawan waɗanda zafi ya kashe a bakin aiki, a makonsu na farko ne. Saboda haka saurayin da ya sauko daga Bokkos ko Barikin Ladi a watan Maris, ya kama dako ko tura baro ko garuwa washegari, ya fi kowa shiga haɗari, ko da ya fi kowa ƙarfi. Haka wanda ya yi wata biyu a gida ya dawo. Ga kuma dare, in mutum goma suka kwana a ɗakin kwano ɗaya marar taga, jiki ba ya samun sauke zafin jiya kafin ya ɗauki na yau.

Sanyi kuwa jiki ba ya koyonsa sosai kamar zafi. Abin da mutumin Jos ya fi baƙo da shi, yawancinsa dabara ce, ya san lokacin fita, ya san abin sawa. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu ita ce take riƙe ɗumi.

ROƘONA GA SHUGABANNI

Daga ƙarshe ina da roƙo. Shugabannin direbobi da na tasha, kada motar da za ta kwana a hanyar Filato ta tashi sai yaron mota yana da bargo da hular sanyi da tamfol ko ledar da za ta tare masa ruwa, ya kuma ci abinci. Shugabannin kasuwa, a ajiye ruwan sha da rumfa a wurin sauke kaya, a mai da aiki mai nauyi safiya da yamma a watannin zafi. Iyayen gida masu karɓar baƙi daga Arewa, a ba sabon zuwa rabin aiki a makon farko, sannu ba ta hana zuwa. Mai azumi ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, wanda kuwa zafi ya kai shi ga ruɗewa, ceton ransa ne a gaba, ga malamanmu nan za su ƙara mana bayani. Iyaye masu tafiya gida da yara a watan Disamba, a sayi suwaita da safa da hula tun daga nan, kada a bari sai an sauka a Jos da asuba. Kowane gida kuma ya mallaki ma'aunin zafin jiki, kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba, a kuma riƙe lambobi biyun nan, 35 da 40, duk wanda ya kai ɗayansu a garzaya da shi wurin likita.

 Allah ya ba mu lafiya, ya kai matafiyanmu gida lafiya, ya dawo mana da su lafiya.